Lambar takardar shaida tana ƙara wa tsabar furuf daraja kuwa?

MaiTaraTsaba:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana. Tsabar furuf ce ta azurfa (wato tsabar kuɗi mai bugu na musamman da ake yi don masu tarawa), oza ɗaya, an buga guda 5,000, kowace da takardar shaida mai lamba. Mai sayarwa yana da biyu, ɗaya lamba 0012, ɗaya 3847, kuma ya tsawwala wa ta farkon kuɗi. Ƙaramar lamba tana nufin ita aka fara bugawa ne? Ƙarin ya cancanta?

TsohonDillali:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lambar ta takarda ce, ba ta tsabar ba. Takardun daban ake buga su, tsabar ma daban, sai a wurin shirya akwati suke haɗuwa. Wadda aka buga ta dubu huɗu tana iya faɗawa akwatin lamba 12, kuma babu wata alama a jikin ƙarfen da za ta nuna hakan. Kowa ma zai iya musanya takardun akwati biyu ba a gane ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kwatanta ta da kuɗin takarda. A can lambar a jikin kuɗin take, ba ta rabuwa da shi, shi ya sa 000001 ke tsada.

Ko da an tabbatar ita aka fara bugawa, amfanin kaɗan ne. Furuf ana buga ta ne da hatimin da aka goge ya zama kamar madubi, a daka ta sau biyu ko fiye, kuma ana sake goge hatimin ko a canza shi a kai a kai. Saboda haka bugu mai kyau yana fitowa a farko, a tsakiya, har a ƙarshe.

Ka bar takardar tukuna, ka duba tsabar. Riƙe ta cikin kwansonta na roba, a ƙarƙashin fitila guda ɗaya, kana karkata ta a hankali, da gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10. Nemi siraran layuka kamar gashi, alamar an taɓa share ta da ƙyalle ke nan, kuma ba sa gyaruwa. Nemi fararen ɗigo kamar na madara da ke fito wa azurfa, da sawun yatsa, wanda maiƙonsa ke cin fuskar ƙarfe. Idan 3847 ta fi tsabta, ita za ka ɗauka.

Zinariya88:
Malam TsohonDillali ya yi gaskiya, amma kada a ce lamba ba ta taɓa tasiri ba. Lamba 1, lambar ƙarshe, da irin su 888 da masu saye daga Sin ke so, suna samun ƙari a gwanjo idan mutum biyu sun nace. Matsalar ita ce ranar da za ka sayar ba lallai ka samu mai wannan sha'awar ba, dillali kuwa ba zai biya ta ba. Lamba 12 ma ba ta cikin wannan sahu.

Akwai misali na gaske. A 2019 ma'aikatar buga tsabar Amurka ta fitar da wata tsabar azurfa mai hoton gaggafa, bugun San Faransisko, guda 30,000, da takardu masu lamba, alhali yawancin takardun ma'aikatar ba su da lamba. Guda 100 daga cikin masu lambar shugaban ma'aikatar na lokacin, David Ryder, ya sa musu hannu, kuma sun fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Sa hannun da ƙarancinsu ne suka jawo hakan. Haka nan idan an zana lambar a gefen tsabar kanta, kamar yadda ake yi wa wasu manya masu nauyin kilo, to wannan lamba ce da ba ta musanyuwa.

MaiTaraTsaba:
Na gode ƙwarai. To idan takardar ta ɓace gaba ɗaya fa?

HajiyarGwanjo:
Wannan kam yana rage kuɗi, ƙanena, domin mai saye yana son akwati, kwanso da takarda su cika. Ka adana takardar a busasshen wuri, kada ka naɗe ta ko ka manna mata roba.

Kuma ka bambanta ta da lambar kamfanonin tantancewa, PCGS da NGC. Su suna rufe tsabar cikin kwanso mai hatimi, su ba ta maki a ma'aunin 1 zuwa 70, lambar da ke kai kuma ana shigar da ita a shafinsu a ga ko bayanin ya dace da abin da ke hannunka. Tazarar farashi tsakanin maki 69 da 70 sau da yawa ta fi duk abin da ƙaramar lamba za ta kawo. Kafin ka biya, ka karanta takardar da kyau: wasu ma'aikatu, kamar Royal Mint ta Birtaniya, suna rubuta adadi biyu, na yawan irin wannan akwatin da na jimillar tsabar da za a buga. Na biyun ne ke nuna ainihin ƙarancinta.