Muhawara: mai koyon gyaran bayanai ya fara da OpenRefine ko da Excel?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum. Maganar da na yi a wajen horo, wadda wasu suka ɓata rai a kai, ina nan a kanta: duk mai fara koyon tsaftace bayanai, da OpenRefine ya kamata ya fara, ba da Excel ba. OpenRefine manhaja ce ta gyaran bayanai, kyauta ce, kuma ko da yake a burauza take buɗewa, a cikin kwamfutarka take aiki, ba ta cin data.

Usman: Wa alaikumus salam. Malam, a yi min afuwa, ban yarda ba. Kana kunna ta wani baƙin allo zai fito yana ta zubo rubutu, sannan burauza ta buɗe 127.0.0.1:3333. Ka ɗora fayil, layi 10 kacal za ta nuna maka. Wanda bai taɓa gani ba ai cewa zai yi bayanansa sun ɓace.

Malam Kabiru: Da gangan ne, Usman. Ba a yi ta don ka bi layi-layi da ido ba. Dubi saman kowane kolum, akwai 'yar kibiya. Danna ta, zaɓi Facet, sannan Text facet. A hagu za ta jero duk abin da aka rubuta a kolum ɗin, da adadin kowanne. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta. In jerin ya haura haka, ka san akwai Nasarawa da Nassarawa, Garun Malam da Garun Mallam. Ka gyara a nan hagun sau ɗaya, duk layukan su gyaru.

Anti Zainab: Malam, Filter na Excel ma yana jero su. Kuma tun Excel 2016 akwai Power Query a ciki, wato kayan aikin shigo da bayanai da gyara su, yana ajiye duk matakin da ka bi. A ofis dai da Excel za a turo maka aiki, da Excel oga zai karɓa. Me ya sa za a ɗora wa yaro sabon kaya bai iya na hannunsa ba?

Nura: Anti, saboda Excel yana taɓa bayanai ba tare da an sa shi ba. Buɗe CSV, wato fayil ɗin bayanai na rubutu zalla, mai lambobin waya, sifilin farko na 080 ya tafi. Ƙ da ɗ su koma wasu alamomi. A 2020 sai da masana suka sauya sunayen wasu ƙwayoyin halitta, irin su MARCH1 da SEPT1, don Excel yana mayar da su kwanan wata. A shekarar ce kuma Ingila ta yi jinkirin lissafa kusan mutum 16,000 masu korona saboda fayil ya cika.

Anti Zainab: Wancan tsohon nau'in fayil ɗin Excel ne, XLS, mai layi 65,536, laifin wanda ya zaɓe shi ne. Na yanzu ya wuce layi miliyan ɗaya. Amma tunda ana tonon silili, a zo kan Cluster na OpenRefine da kuke ta yabo, mai nemo rubutu masu kama da juna don a haɗa su. Hanyarta ta farko tana cire manyan baƙaƙe da alamomi, ta jera kalmomi bi da bi, sannan ta kwatanta. To ga Musa Ibrahim ga Ibrahim Musa, a wurinta abu ɗaya ne. A ƙasar nan kuwa wannan ɗa ne da uba, ko mutum biyu da ba su ma san juna ba. Sabon shiga zai ga an haɗa masa su, ya zaɓi duka, ya danna, an mayar da mutum biyu ɗaya a jerin masu karɓar taki.

Malam Kabiru: Gaskiya ce wannan, Hajiya, amma shawara kawai take bayarwa, ba ta haɗa komai sai ka sa alama da hannunka. Ni ba na barin ɗalibi ya yi Cluster a kolum ɗin sunayen mutane. Kuma ga Undo / Redo a hagu: kowane mataki a rubuce, ko ka kashe kwamfuta ka dawo gobe yana nan. Asalin fayil ɗinka ma ba ta taɓa shi, kwafi take yi.

Usman: To D/Tofa da Dawakin Tofa fa? Na gwada, ba ta haɗa su ba.

Malam Kabiru: Wannan sai da hannu, a facet ɗin.

Usman: Ashe dai hannun ne.

Nura: Sau ɗaya ne amma, ba sau ɗari ba.

Anti Zainab: Ni har yanzu ina kan bakata, wanda bai san kolum da layi a Excel ba, kibiyar nan ba za ta yi masa ma'ana ba. Ranar Asabar zan zo da fayil ɗin gwaji, an cire sunayen gaske. Malam ya ɗauki ɗalibi ɗaya, ni in ɗauki ɗaya.

Malam Kabiru: Na amince. Usman, ka sauke ta Windows wadda ta zo da Java, manhajar da take buƙata don ta yi aiki, a cikinta, ka zuba a filash, kada mu tsaya jiran netwok a can.