Haɗa tsofaffin RAM a kan allon adafta: ko zai yi aiki?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfuta mai Intel 486 wadda gurabenta na RAM masu fil 72 ne, alhali abin da ke hannuna SIMM (wato ƙananan allunan RAM irin na da) huɗu ne masu fil 30, kowanne megabait 4. Shin allon adafta zai iya haɗa su su zama megabait 16?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai iya, domin kowane SIMM mai fil 30 bit 8 yake ɗauka, saboda haka huɗun ne ke cike bit 32 da gurbin yake buƙata. Sai dai ka tabbatar girmansu da saurinsu ɗaya ne, misali dukansu nanosakan 70.

Amsa ta biyu:
Ni kuwa ban cika yarda da shi ba, ɗan'uwa. Adaftan nawa ya yi tsayi har ya tokare gurbin da ke kusa, kuma yawan guntayen RAM da ke kansa ya sa kwamfutar ta riƙa tsayawa tun tana ƙirga RAM, sai da na rage saurin karatunsa a BIOS (wato wurin saitunan asali na kwamfutar) sannan ta daidaita.

Mai tambaya:
Na gode. Zan fara auna tsayin wurin tukuna.