Ƙwallon tafiya ga dattawa: motsa jiki ne ko ɓata lokaci?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Dattawan unguwarmu, galibi 'yan fansho masu shekara 55 zuwa 70, suna so a haɗa musu ƙwallon nan da ake bugawa a tafe, ba gudu. Yaya dokokinsa suke? Tafiya kawai za ta yi wa mai hawan jini ko ciwon suga wani amfani? Kuma me za mu kiyaye kada wani ya ji rauni?

Tsohon Alƙalin Wasa:
Wa alaikumus salam. A Ingila aka tsara wasan, a ƙungiyar Chesterfield cikin 2011, domin maza masu shekara 50 zuwa sama. Mata kuma galibi daga 40 ake ɗauka. Yanzu har gasar ƙasashe ake yi, an buga ta a Ingila a 2023.

Babbar dokar ita ce ko yaushe ƙafa ɗaya tana ƙasa. Da zarar ƙafafu biyu sun tashi tare, gudu ne, ko mutum yana da ƙwallo ko ba shi da ita, sai a ba abokan hamayya bugun tazara. Ƙwallo ba ta wuce tsayin kai, ba a sa mata kai, ba zamiya, ba bangaza, ba ƙwace ƙwallo ta baya. Babu satar gida. In ta fita gefe da ƙafa ake shigo da ita, kuma bugun tazara ba a zura shi raga kai tsaye sai wani ya taɓa. Da'irar gaban raga ta mai tsaron gida ce shi kaɗai. Mutum 5, 6 ko 7 ne kowane ɓangare, a ƙaramin fili.

Malam, ku nemi alƙali wanda ba ya jin nauyin hura wa Alhaji usur. Nan ake samun matsala. In aka ƙyale mutum ɗaya ya yi sassarfa, cikin minti biyar kowa gudu yake, wasan ya koma na matasa a jikin tsofaffi.

Mai Gashin Ƙashi:
Amfanin yana nan, amma daga saurin tafiyar yake fitowa. Awon mai sauƙi ne: in mutum yana ɗan haki, yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, to ya shiga matsakaicin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na irin wannan a mako, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda faɗuwa. Wasan ya fi tafiyar bakin titi ta wannan fuskar, domin ana juyawa, ana ja da baya, ana tsayawa kan ƙafa ɗaya lokacin bugu. Sai dai wasa sau biyu a mako ba zai cika minti 150 ba, a haɗa da tafiya sauran ranaku.

Raunin da aka fi gani a tsokar sharaɓa, bayan cinya da agara ne. Dalilin kusan ɗaya ne: tsohon ɗan wasa ya shekara 30 bai taɓa ƙwallo ba, kansa bai manta ba, jijiyarsa kuwa ta manta. Ya miƙa ƙafa da ƙarfi jiki a sanyaye, sai tsoka ta yage. Don haka minti 10 zuwa 15 na farko na ɗumama jiki ne: tafiya a hankali, a ƙara sauri, ɗaga duga-dugai, lilo da ƙafa, sannan gajerun ba-ni-in-ba-ka. Makonni huɗu na farko a tsaya a zango uku na minti 10, da hutun minti 3 zuwa 5 a tsakani. A hana dogon bugu mai ƙarfi har jiki ya saba.

Takalmi mai ƙusoshi a kan busasshiyar ƙasa yana riƙe ƙafa gwiwa ta murɗe. Kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi. A tsince duwatsu, a cike ramuka.

Ma'aikaciyar Jinya:
Duk dattijon da zai shiga a auna masa jini tukuna. Mai ciwon zuciya, ko wanda jininsa ya hau bai daidaita ba, sai likitansa ya yarda. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga kada ya zo da yunwa, a ajiye dabino ko lemon kwalba a bakin fili. Rawar jiki, gumi mai sanyi da ruɗewa alamar suga ya faɗi ne. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan wasa, domin kanta ko ɗan yanka na iya zama gyambo bai ji zafinsa ba.

Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, a tsaya nan take a nufi asibiti, ba a ce bari a ƙarasa zango. Lokacin bazara ku buga bayan Asuba ko daf da Magariba, da ruwa a kowane hutu. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa masu asma su huta. Da azumi kuma a mayar da shi dare.

Tsohon Alƙalin Wasa:
Ƙari kan zumunci, wanda a ganina shi ke riƙe mutane. Wanda ya bar aiki yakan rasa abokan hira lokaci ɗaya, kuma dattijo zai fi fitowa don kada a ce ƙungiyarsa ba ta cika ba, fiye da don likita ya ce. Ku sa rana da lokaci tsayayyu, ku ware rabin awa na shayi bayan wasa, wanda bai zo sau biyu a jere ba a kira shi. Ku riƙa cakuɗa ƙungiyoyi kowane mako don kada gwanaye su taru gefe guda. In tazarar shekaru ta yi yawa, a sa dokar kada mutum ya wuce taɓawa uku kafin ya miƙa ƙwallo, ta haka mai shekara 70 ma zai samu rabonsa. Mai ciwon gwiwa da ba zai iya shiga ba a ba shi agogo ko littafin sunaye.