Tsohon dokin Baba: wa ya kamata in ba shi?

Ɗan Kabi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu dawaki da waɗanda sunka san harkar ku ba ni shawara, wallahi abin ga ya hana ni barci.

Ni mutumin Argungu ne. Mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar sallah, Allah ya jiƙan namu da naku, cikin abin da ya bari akwai doki guda, kili, ingarma, Baba ya sawo shi kasuwar Illela tun shina ɗan shekara 4, in lissafina bai ɓace ba yanzu ya shiga ta 19. Da anka raba gado sai ya faɗo rabona. Ba doki ne na banza ba, duk hawan sallah da shi Baba ke fita, har bikin kamun kifi na 2020 ya hau shi, ko bindiga anka buga kusa da kunnenshi ba ya ko gezau, ɗiyata mai shekara 7 na zama bisa shi a ja ragama a zagaya gida da ita.

To matsalar ita ce aiki ya mai da ni Kaduna, iyali ma za su biyo ni bayan hutun makaranta, gidan haya ne ko wurin ɗaure akuya babu. Yaron da ke yi mishi hidima tun zamanin Baba zai yi aure ya koma noman shinkafa fadama, kuma kun san kuɗin harawa da dusa yanzu ba sai na faɗa ba. Ga shi tsufa ya fara, in sanyi ya sauko da safe ƙafar baya ta hagu sai ta sage sai ya ɗan taka kafin ta saki, saman idonshi ya rame ya yi rami, kuma kwanan nan in shina cin harawa sai in ga ya tauna ya tauna ya yar da ita dunƙule-dunƙule gindin turke.

Mutum uku sun zo. Na farko dillali ne ya kawo wani, ko a hau dokin a gani bai ce ba, cinya da gindi kawai ya dinga mammatsawa ya ce kuɗi a hannu yau. Na biyu saurayi ne mai ba da dawaki haya wurin biki, shi ne ya fi kowa tayi. Na uku wani dattijo ne tsohon malamin firamare can wajen Augie, wai jikokinshi yake so su koyi hawa, amma abin da ya taya bai kai rabin na saurayin ba. 'Yan'uwana sun ce in karɓi mai tsoka in huta. Ni kuwa da na tuna yadda dokin ga ke haniniya in ya ji ƙarar mashin ɗin Baba, har yau in wani ya tayar da mashin ɗin sai ya ɗaga kai shina kallon ƙofa, sai in ji ba zan iya ba. Mi kuka gani?

Bazamfare Na Mafara:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba. Na farkon nan ka sallame shi tun yanzu. Duk wanda ya zo sayen dokin hawa bai buɗe baki ya ga haƙora ba, bai ɗaga kofato ba, bai ce a sa sirdi a taka ya gani ba, to ba doki ya zo saye ba nama ya zo aunawa. Ba ɓoyayyen abu ba ne ana loda tsofaffin dawaki a tirela a yi kudu da su, akwai kasuwa a Obollo-Afor ta jihar Enugu da aka san ta da yankan dawaki, can ne ƙarshen da yawa daga cikinsu, kwana da kwanaki a tsaye cikin mota ba ruwa ba ci.

Na biyun kuma ni ya taɓa ci na. Ina da wani akawal, baƙin doki, da na riƙe shekara 11, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi a 2021 abubuwa suka yi mana tsauri, ba ka iya zuwa daji yankan ciyawa saboda halin da ake ciki, sai na sayar wa wani yaro ɗan haya a Gusau don ya fi kuɗi, ya rantse min ya maya cewa sallah sallah kawai za a hau. Wata biyar tsakani na je ɗaurin aure sai ga dokina ana sukuwa da shi kan kwalta, yara biyu a kai, ana ta zuba masa bulala. Da suka sauke sirdi na matsa na duba, bayan nan duk gyambo ƙuda na bi, an shafa masa baƙin mai wai magani, gefen baki ya tsage saboda fizgar linzami. Ya gane ni fa, ya sa hanci cikin hammatata kamar yadda ya saba in yana neman kanwa. Na ce zan mai da kuɗin yaron ya ce sai na ƙara, ban da su a lokacin, kafin in haɗa aka ce ya wuce hannu na uku. Har yau ban san inda yake ba.

Dokin haya ko matashi ne shekara biyu uku ya gama yawo, bare naka mai ƙafa.

Mai Gaskiya Jega:

Ku yi haƙuri ni dai zan faɗi tawa ko za a zage ni. Doki dukiya ne ba ɗa ba ne. Mutane na neman abin sawa a baka ku kuna nan kuna zaɓar wa dabba gida kamar za a aurar da budurwa. Kana da iyali, ga kuɗin haya a Kaduna ga na makaranta, ka sayar wa wanda ya fi tayi ka yi wa Baba sadaka da wani abu a ciki ya fi masa amfani. Kuma wa ya ce maka malamin nan in ya ga kuɗi gobe ba zai kai shi kasuwa ba? Wataƙila ma shi ya sa ya taya da arha.

Malamin Dabbobi BK:

Salam. Ni aikin dabbobi nake yi a Birnin Kebbi, bari in sa baki ta ɓangarena.

Da farko shekara 19 ba ƙarshen doki ba ne, in ya samu kulawa yana kai 25 har 30, kuma irin wannan mai sanyin hali shi ake nema wa yara, ba a koyon hawa da ɗanyen doki. In mai saye na shakkar shekarun ku ɗaga leɓen sama ku duba haƙorin gaba na can gefe, akwai wani layi mai duhu da ke fitowa daga dasashi wajen shekara 10, ya kai tsakiya wajen 15, ya sauka har ƙasa wajen 20. Ba ya faɗin shekara daidai wa daida amma yana kusantowa.

Dunƙulen harawar da yake yarwa kuwa ba ƙin abinci ba ne, turamen haƙoransa ne. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa suna cinyewa, in ba su cinye daidai ba gefensu ya yi kaifi yana yankar kumatu da harshe, shi ya sa yake tauna ya tofar, shi ya sa kuma yake ramewa ko da ana ba shi. Ana goge su da magagari na musamman, aikin ƙasa da awa ɗaya ne ga wanda ya iya, kar ka bari ɗan barga ya gwada da na maƙera. Ka yi wannan kafin ya bar hannunka, ka ba shi maganin tsutsar ciki, a yanke kofato a daidaita, a duba kaska ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne. Dusa a riƙa jiƙa masa, kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a yini maimakon a jibga sau ɗaya. Kuma ranar tafiya ka haɗa shi da abincin da ya saba na kamar sati biyu a riƙa gauraya da na can a hankali, canjin abinci farat ɗaya shi ke kawo ciwon ciki, doki kuwa ba ya amai, ciwon ciki na iya kashe shi cikin dare ɗaya.

Sannan ka je gidan malamin da ƙafarka ba tare da ka ce ga ranar da za ka zo ba. Ka ga turken, akwai inuwa? Ruwa daga ina? In yana da jaki ko tumaki ka dubi jikinsu, yadda ka gan su haka naka zai koma. Ka tambaya ko akwai wani ingarma kusa, don matashin ingarma in ya tsinke tsohon zai fara nema. In gidan bakin fadama ne da damina a riƙa shigar da shi rumfa kafin magariba a sa hayaƙi, ƙananan ƙwarin nan masu cizo da yamma su ke yaɗa cutar da ke kumbura kan doki ta cika huhunsa da ruwa. Ƙafar kuma tsayuwa wuri ɗaya ke ƙara mata, ya riƙa takawa kullum a kan rairayi, ban da sukuwa ban da babban mutum mai nauyi.

Almajirin Zaure:

Ɗan Kabi Allah ya saka maka da tausayin da ka yi wa dabba. Abu biyu zan ƙara daga ɗan abin da muka karanta.

Duk wanda za ka ba, ka faɗa masa zancen ƙafar da na haƙoran ko bai tambaya ba, ɓoye aibi a ciniki ha'inci ne kuma Manzon Allah SAW ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka ma kira shi da sassafe lokacin da ƙafar ke sagewa ya gani da idonsa.

Na biyu, na san abin da zai zo maka a rai shi ne ka sayar ka kafa sharaɗi cewa kar ya sayar wa kowa. To a Malikiyya irin wannan sharaɗin ya ci karo da manufar ciniki, don abin da mutum ya saya nasa ne ya yi yadda ya so, sharaɗin na ɓata cinikin sai in an janye shi. Ka ga a nan Mai Gaskiya bai yi ƙarya ba, ranar da ka karɓi kuɗi bakinka ya fita. In kana so igiyar ta zauna a hannunka kar ka sayar, ka ba da aro. Doki naka ne, shi yana amfani yana ciyarwa, ba shi da ikon sayarwa, in ya gaji ya maido maka. In kuma ya mutu a hannunsa ba da sakacinsa ba babu ramuwa a kansa, wannan ma ku faɗa tun farko kar a zo ana jin nauyi. Ku rubuta da shaidu biyu, ka kai wa limaminku ya duba muku lafazin.

Maman Sadik:

Ni ba doki gare ni ba amma gidan dawaki na tashi a Gummi. Duk kun yi maganar maza kun manta wanda zai yi wahalar. Malam dattijo ne, ba shi zai kwashe kashi ba ba shi zai ɗebo ruwa ba, in ka je ka gaida matan gidan ka ji ko suna so, kuma ka ga yaron da za a ɗora wa, in babu tsayayyen yaro guda to wata biyu za a yi ana ɗoki a watsar. Mu a gidanmu har goɗiya ta taɓa yini ba ruwa kowa na cewa ai wane ya ba ta.

Ɗan Kabi:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Dillali na sallame shi, ya yi ta kira har na daina ɗauka. Saurayin ma na ce mishi ya yi haƙuri, yayana ya ji haushi ya ce na yi wasa da kuɗi, Mai Gaskiya kai da shi bakinku ɗaya, ban ce ba ku da hujja ba.

Shekaranjiya na hau mashin na tahi gidan malam ban gaya mishi ba. Na iske shi gindin dalbejiya shina gyaran wani tsohon sirdi, ashe mahaifinshi ma mai doki ne, turken na nan har yau sai dai jaki anka ɗaure, jakin kuwa sumul har shina sheƙi. Rijiya cikin gida take. Maman Sadik na bi shawararki, uwargidan ta ce ita ba ruwanta muddin ba za a taɓa mata dusar awakinta ba, munka yi dariya, yaron kuma jikanshi ne ɗan aji uku na sakandare, tun da na zauna yake tambayata sunan dokin da abin da ya fi so.

Da na kawo zancen aro malam ya yi shiru, ya ce shi ya fi son saye don abin aro ba ya barin mutum barci, in wani abu ya samu dokin da wane ido zai dube ni. Na gaya mishi abin da Almajiri ya ce, na ce kuma kuɗin magani da na gyaran haƙori ni zan riƙa turowa. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a ya yi shawara da ɗanshi da ke Sakkwato.

Malamin Dabbobi don Allah duba saƙo na tura maka lambata, in kana shigowa Argungu cikin satin ga ina so a goge haƙoran kafin Juma'ar, kuma ka taho da maganin tsutsar don ban san wanne zan saya ba.