Ƙuraje sun fito wa ɗan yayana a ƙauye: ƙarambau ne ko ƙyandar biri?

Ɗan Wurno:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin lafiya, don tun Juma'a hankalina bai kwanta ba.

Ni malamin firamare ne a cikin garin Sakkwato, amma gidanmu yana wani ƙauye bayan Wurno. Na je gaida Inna, na tarar da ɗan yayana mai shekara 7 kwance, jiki zafi rau. An ce kwana uku ya yi yana zazzaɓi da ciwon kai, sannan ƙuraje suka ɓullo. Na haska shi da fitilar waya. A fuska suka fi yawa, akwai a tafin hannu, har da guda biyu a tafin ƙafa. Tauri gare su, wasu da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya. Wuyansa kuma ya yi kaluluwa, ko waiwaye ba ya so.

Inna ta ce ƙarambau ne, duk mun yi shi muna yara, a yi masa wanka da ganyen bedi a shafa toka. Amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Yayana ya dawo daga ci-rani a Fatakwal sati uku da suka wuce, inda yake sayar da albasa, kuma ya zo da wasu ƙuraje a hannu da ya ce ba komai ba ne. Sannan tun da aka cire gero yaran unguwar suke haƙar gafiya da kurege suna babbakewa, kuma yaron nan shi ne mai feɗewa.

Yara biyar ke kwana a tabarma ɗaya, bargo ɗaya, ga sanyi ya fara. Matar yayana tana da cikin wata shida. Don Allah me ya kamata in yi?

Uwar Asibiti:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara, shekara 14 ke nan. Ba wanda zai yanke maka hukunci ta waya, sai an goga auduga a kan ƙurjin an kai ɗakin gwaji. Amma abin da ka kwatanta ya isa a ɗauki mataki yau, ba gobe ba.

Ƙarambau ya fi fitowa a ƙirji da baya, ƙurajensa marasa ƙwari ne, kuma za ka ga wasu na fitowa wasu na bushewa a lokaci guda. Da wuya ya kai tafin hannu. Ƙyandar biri kuwa ta fi son fuska da tafin hannu da na ƙafa, ƙurajenta na da zurfi da tauri, kuma kaluluwar nan a wuya ko hammata ko matsematsi tana cikin manyan alamunta. Daga ɗauka zuwa bayyana tana iya kai kwana 21, ka ga lissafin dawowar yayanka bai kauce ba.

Ka kira 6232, layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ko ka nemi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku. Kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Kafin su zo, a raba wa yaron shimfiɗa, da kwano, da kofi, da zanen rufa. Mai cikin nan kada ta taɓa shi ko wankinsa, domin cutar na iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. A daina shafa toka, tana sa ƙurji ya ruɓe. A yanke masa farce, a ba shi ruwa da kunu sosai, farasitamol don zazzaɓi, in bakinsa ya yi gyambo ya riƙa kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi. In ƙurji ya kusanci ido, ko ya kasa haɗiya, ko numfashi ya sauya, a tafi asibiti nan take. Yawanci tana warkewa cikin sati biyu zuwa huɗu, amma yana iya harbar wani har sai ɓawon ya zube sabuwar fata ta fito.

Sai magana mai nauyi. Ka keɓe da yayanka, kai da shi kawai, ka tambaye shi ko akwai ƙuraje a gabansa. Tun da cutar ta dawo Najeriya a Satumbar 2017, aka fara ganinta a Yenagoa ta jihar Bayelsa, da yawan waɗanda ta kama maza ne matasa, kuma a wurin take fitowa wasunsu, kunya ta sa su ɓoye. Tana bin kwanciyar aure kamar yadda take bin tabarma da bargo. Ba tuhuma za ka yi masa ba, lafiyar iyalinsa kake nema.

Baba Mai Goro:

Malam, Allah shi ba yaro lafiya. Wanga bayani naka ya tuna mini da agana. Mu munka ga ƙarshenta. Ina yaro sa'ad da masu lamba sunka zo garinmu da wata na'ura kamar bindiga, aka jera mu ƙofar gidan hakimi, har yau tabon na nan ga damtsena. Da ɗana ya karanta mini labarin wagga cuta, ya ce 'yar gida ɗaya ce da agana, kuma lambar da anka yi muna tana kare mutum daga gare ta da kusan kashi 85 cikin ɗari. To agana an bayyana ƙarewarta a duniya a 1980, anka daina lamba. Ke nan duk ɗiyanmu da jikokinmu ba su da wagga garkuwa.

Ka duba damtsen Innarku. In tana da tabon, ita ya fi dacewa ta yi jinyar yaron, ba mai ciki ba.

Uwar Asibiti:

Baba ya yi gaskiya, haka ake so mai jinya ya zama mutum ɗaya, mai lafiya, wanda aka yi wa lamba in da hali. Sai dai ƙarfin lambar yana raguwa da shekaru. Inna ta sa takunkumi, ta sa safar hannu ko ko leda ce mai tsabta, ta wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa.

Sarkin Baka Ƙarami:

Ni dai ban yarda a ɗora wa gafiya laifi ba. Iyaye da kakanni sun ci, mu ma mun ci, ba mu ga wannan ciwo ba. Cutar kurmi ce, ta ƙasashen ruwa da duhuwar itace. Kuma ina muka ga biri a fadamar Wurno?

Ɗalibin Likitan Dabbobi:

Sarkin Baka, kana da rabin gaskiya. Cutar ta fi yawa a yankin kurmi, kuma a Najeriya jihohin kudu irin su Bayelsa da Ribas da Legas suka fi ganinta. A labarin nan ni ma na fi zargin hanyar Fatakwal. Amma sunan biri ne yake ruɗar mutane. An fara gano ƙwayar ne a 1958 a jikin birran bincike a ƙasar Denmak, shi ya sa sunan ya bi su. Mutum na farko da aka tabbatar jariri ne ɗan wata tara a Kongo, a 1970. Dabbobin da aka fi zargi su ne dangin ɓera da kurege. A 1985 an samu ƙwayar a jikin wani kuregen daji a Kongo. A 2003 kuma ta ɓulla a Amurka bayan an kai dabbobi daga Ghana, har da gafiya irin tamu. Haɗarin yana wajen kamu da feɗewa, inda ake cizo da yakushi da taɓa jini, kuma mun san yara ne ke wannan aikin da hannu tsirara. Wadda aka tsinta a mace ko tana layi, ita kam a bar ta.

Maman Hassana:

Duk shawarwarin nan daidai ne, amma ina so maza su ji yadda abin yake daga ɗakin mata. An ce a ware masa ɗaki. Wane ɗakin? Gidan ƙanwata a gabashin jihar nan yanzu mutum 19 ne, saboda dangi da suka gudo daga ƙauyuka tsoron 'yan bindiga. An ce a wanke kayansa daban da sabulu, alhali ruwan da yarinya ta ɗauko a ka shi ne na sha da girki da alwala. An ce a kai asibiti, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya kai cefanen kwana biyu, kuma bara da na kai ɗana wani ƙaramin asibiti a ƙauye kwaɗo na tarar a ƙofa, na juyo da shi a baya. Yaron da dama abinci bai ishe shi ba, shi ciwon nan ya fi kayarwa.

Rigakafi ma akwai, amma a Agustan 2024 allura 10,000 Amurka ta ba Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Yaushe zai kai bayan Wurno?

Ga kuma baki. Da an ji "ciwon biri" a gidan wane, maƙwabta su daina karɓar kunu daga gidan, budurwar gidan ta rasa mai zuwa zance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya sunan zuwa mpox a Nuwambar 2022 saboda irin wannan tsangwama, mu kuwa har yanzu biri muke cewa. Shi ya sa uwa za ta gwammace ta ce ƙarambau ne ta rufe ƙofa. Malam, in za ka kira jami'ai, ka fara zama da Inna da mai unguwa, kada su ga baƙi kwatsam su ɗauka ka tona musu asiri.

Ɗan Wurno:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma gida jiya da sabulu da takunkumi da sabuwar tabarma. Na bi shawarar Maman Hassana, na fara da Inna. Da fari ta ƙi, sai da na nuna mata tabon damtsenta na ce ita kaɗai ce a gidan mai lamba, sannan ta yi shiru, ta ce a kawo mata yaron ɗakinta. Matar yayana ta koma gidan iyayenta da ke bayan masallaci, kuma na faɗa musu su sa mata ido har sati uku.

Na keɓe da Yaya bayan Isha'i. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya amince a duba shi shi ma. Jami'in ƙaramar hukuma ya zo yau da hantsi a kan babur, ya ɗauki samfur a jikinsu su biyu, ya rubuta sunayen duk 'yan gidan. Yanzu sakamako muke jira. Yaron ya sha kunu rabin kofi da safe, amma ƙanwarsa mai shekara 4 ta wayi gari da zazzaɓi. Uwar Asibiti, ita ma a kai ta ɗakin Inna, ko a nema mata wani wurin daban?