Daga ina tsiro yake samo oksijin mai ƙuna idan cuta ta kama shi?

Ɗalibar Aikin Gona:
Assalamu alaikum, malamai. A darasin cututtukan tsirrai an ce mana ƙwayoyin halittar ganye suna fitar da wani nau'in oksijin mai ƙuna da zarar ƙwayar cuta ta taɓa su. Daga ina wannan sinadari yake fitowa, kuma me ya hana shi hallaka tsiron kansa?

Malamin Kimiyyar Tsirrai:
Wa alaikumus salam. A jikin tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta akwai furotin masu aikin gadi. Ɗaya daga cikinsu, FLS2, yana gane wani guntu mai amino asid 22 daga wutsiyar da bakteriya take iyo da ita. Da ya gane shi, sai kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar, furotin BIK1 kuma ya manna wa RBOHD, wani inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai), sinadarin fosfet, ya tayar da shi. RBOHD yana ɗebo ilaktoron daga NADPH, sinadarin da ke ɗauke da ilaktoron a cikin ƙwayar, ya miƙa wa oksijin da ke wajenta, a sami sufa-oksaid, wanda nan take yake rikiɗewa zuwa haidurojin feroksaid. Waɗannan biyun su ne oksijin mai ƙunar da kika tambaya. Cikin 'yan mintuna duk wannan yake faruwa.

Mai Binciken Dankali:
Ƙari a kan bayanin Malam, Noriyuki Doke na ƙasar Japan ne ya fara nuna hakan a 1983, a jikin dankalin turawa da aka sa wa *Phytophthora infestans*, cutar da manoman dankali na Filato suke fama da ita a damina. Fitar sinadarin kashi biyu ce: ta farko gajeriya, ta biyu kuwa tana zuwa bayan sa'o'i, tana daɗewa, kuma galibi a irin da ke da juriya ake ganinta. Idan aka jiƙa ganyen da sinadarin DAB, wurin da feroksaid ya taru yakan koma ruwan ƙasa.

Malamin Kimiyyar Tsirrai:
Tambayarki ta biyu ce ta fi muhimmanci a ganina. Feroksaid yana ƙarfafa bangon ƙwayar halitta, yana sa ƙofofin numfashin ganye su rufe, yana kai saƙo ga maƙwabtan ƙwayoyi, sannan inzayim ɗin katales da bitamin C suna kwashe rararsa don kada ya hallaka tsiron. Wani lokaci tsiron da gangan yake barin ƙwayoyin wurin su mutu domin cutar ta rasa abinci. Sai dai wannan dabara ba ta cin cutar funfuna *Botrytis cinerea*, domin da matattun ƙwayoyin take ciyar da kanta.