Na ga kuskure a wata maƙala, wa zan sanar wa? Kuma yaya ake buɗe maƙalolin da aka kulle a intanet?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin noma a nan ABU (Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya), bincikena kan ƙuduji ne a gonakin masara. Wata maƙala da nake dogaro da ita sosai, a jadawali na uku an rubuta cewa irin da aka gwada ya ba da tan 32 a hekta. Amma a cikin bayanin, shafi biyu gaba, tan 3.2 suka ce. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun masara a Giwa ko Maigana ya san tan 32 ba ta fita daga hekta ɗaya a ƙasarmu. Abin da ya fi damuna, na ga wani kundin digiri ya kwafi 32 ɗin nan yadda take. Wa zan rubuta wa, marubutan ko mujallar?

Na biyu, akwai wata maƙalar da taƙaitawarta kawai nake gani, sai na biya sama da dala 30 a buɗe min. Ina zan samo wannan kuɗi?

Ma'aikacin Laburare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki biya ko sisi tukuna. Ki zo Laburaren Kashim Ibrahim, ɓangaren kwamfutoci, ki tambayi AGORA. Shiri ne da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara a 2003 domin jami'o'in ƙasashe irin namu su samu mujallun noma kyauta ko da rahusa. 'Yan likitanci nasu HINARI ne, na hukumar lafiya ta duniya, WHO, tun 2002. Ta hannun makaranta ake shiga, shi ya sa a wayarki kike ganin ƙofa rufe. Ki zo da lambar DOI ta maƙalar a rubuce, wato lambar shaidarta ta musamman a intanet, ta fi take saurin nemowa. Ki kuma saka taken a Google Scholar ki duba sauran kwafe-kwafen da ke ƙasansa, sau da yawa marubucin ya ajiye ɗaya a rumbun jami'arsu. In duk ya ƙi, ki aika masa imel ki roƙa. Yawancinsu murna suke yi.

Malamin Kongo (harabar ABU ta Kongo):
Malama, Allah Ya yi miki albarka da ba ki wuce abin nan kin yi shiru ba. Ni fannina ba noma ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Kafin ki rubuta, ki gwada PDF ɗin da wanda ke kan shafin mujallar. Wani lokaci wajen tsara shafi ne ɗigon ya faɗi, marubutan ba su ma sani ba. In akwai alamar Crossmark a saman maƙalar ki danna, tana nuna ko an riga an fitar da sanarwar gyara.

In babu, ki rubuta wa marubucin da aka sa imel ɗinsa a shafin farko, ki sa editan a kwafi. Ki ambaci DOI, shafi, lambar jadawali, da adadin biyu da suka saɓa, cikin ladabi, a sigar tambaya, ba tare da zargi ba. A kundinki kuma kada ki mayar da ita 3.2 a ɓoye. Ki rubuta abin da bayaninsu ya ce, ki nuna a ƙasan shafi cewa jadawalin ya saɓa masa, kuma ki nuna wa mai duba aikinki tun yanzu.

Ɗalibar Samaru:
Na gode ƙwarai Malam. Na duba yanzu: a shafin intanet 3.2 ce, a PDF ne kaɗai 32 take, kuma ba a fitar da gyara ba. Zan rubuta wasiƙar yau da daddare in nuna wa malamina kafin in aika. Yaya na laburare, ina nan tafe ranar Litinin bayan lacca in sha Allahu.